Yadda Ake Ƙaura Zuwa Gari Mai Nisa a Mota, Ana Kwana a Tanti a Hanya

A daren farko na tafiyarmu, ƙarfe tara ta gota kafin mu isa inda za mu yada zango. Tantin yana kusa da hannu, amma jakar turaku da guduma tana can ƙasan but, ƙarƙashin kwalaye shida na littattafai da tukwane. Sai da na sauke kusan rabin kayan gidanmu a kan ciyawa mai raɓa, matata tana haska mini tocila, yaranmu biyu suna kuka a kujerar baya don yunwa da gajiya. Ba mu sa haƙarƙari a ƙasa ba sai wajen sha ɗaya da rabi. Da gari ya waye ta dube ni ta ce, "Maigida, in haka za mu riƙa yi kullum, ba za mu kai ba." Gaskiyarta. A nan wurin muka zazzage motar kaf muka sake lodi, kuma kwana takwas ɗin da suka biyo baya ba mu sake neman wani abu da tocila ba.

Abin da daren nan ya koya mini shi ne, mutum biyu ne a cikinka in ka ɗauki irin wannan tafiya. Akwai mai ƙaura, wanda yake so a cusa kaya a ɗaure tamau, kada a taɓa sai an isa. Akwai kuma mai zango, wanda dole ya buɗe mota kowace yamma ya rufe ta kowace safiya. In ba ka raba musu wuri tun a ƙofar tsohon gida ba, a hanya za su yi ta karo, kai ne kuma za ka kwana a ciki.

Duk da haka ina ba da shawarar a yi tafiyar. Kuɗin masauki na dare bakwai ko goma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda hidimar sabon gida ke jira. Sannan yara da suka ga ƙasa tana canzawa a idonsu, daji ya koma fili, fili ya koma duwatsu, sun fi saurin yarda cewa an bar tsohon gida fiye da waɗanda aka ɗauke su a jirgin sama aka dire cikin awa biyar.

Fara da nauyi

Saura mako shida ko takwas a tashi, buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kansa. A yawancin motoci akwai 'yar takarda manne a wurin, mai nuna iyakar nauyin da motar za ta ɗauka da yawan iskar da tayoyinta ke so. In ta goge, littafin motar yana da su. Ƙananan motoci da yawa iyakarsu tsakanin kilo 400 ne zuwa 500, kuma ku kanku kuna cikin lissafin. Manya biyu da yara biyu sun kwashe wajen kilo 200. Jarka biyu na ruwa masu lita 20 kilo 40 ne, tunda kowace lita kilo guda ce. Tanti, shimfiɗu, risho, kular sanyaya abinci da ƙanƙararta, ka ce wani kilo 50 ko 60. Abin da ya rage wa kayan gida sau da yawa bai wuce kilo 150 ba, kuma kwali takwas na littattafai sun cinye shi.

Wannan lissafin ne zai yanke maka hukuncin da zuciya ke ta ja da baya a kai. Kasa kayanka kashi uku: na sayarwa ko kyautarwa, na turawa gaba ta hannun masu jigilar kaya, da wanda zai shiga mota tare da kai. Gado, kujeru, firiji, duk abin da kuɗin ɗaukarsa ya kusa kuɗin sayen wani a can, ka rabu da shi. Abin da ba ya barin jikinka kuwa shi ne wanda in ya ɓace ba a mayar da shi: takardun haihuwa da na makaranta, fasfo, takardun sabon gida, magunguna, kwamfuta, hotunan iyali. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka adana a intanet.

Mota mai kaya fiye da kima ba ta nuna komai a cikin gari, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Sai an hau babban titi da zafin rana tayoyi su yi zafi fiye da kima, birki ya daina kamawa da wuri, gaban motar ya yi sakayau sitiyari ya riƙa yawo. In akwai sikelin manyan motoci kusa da kai, je ka hau bayan ka gama lodi. Minti goma ne, kuma ya fi kintace.

Kariyar saman mota, wato ƙarfen ɗora kaya, ita ma tana da tata iyakar, galibi kilo 50 zuwa 100, har da nauyin ƙarfen kariyar. Kaya marasa nauyi masu cin wuri ake ɗorawa can, irin su barguna da katifu, a rufe da tamfol a ɗaure da bel mai ƙugiya. Ka sani kuma duk abin da ke sama zai ƙara maka shan mai. In ƙaramar tirela za ka ja, kashi 60 cikin 100 na nauyin ya kasance a gaban tayoyinta, wato ɓangaren da ke kusa da motar. Nauyi in ya taru a bayanta, za ta fara lilo da zarar ka ɗan yi gudu. Ranar da ka ji ta fara, kada ka danna birki da ƙarfi, kada kuma ka biye mata da sitiyari: ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari sak, ka bari gudun ya sauka da kansa. Kafin ranar tafiya ka nemi fili ka koyi baya da ita, domin wurin zango cikin duhu ba wurin koyo ba ne.

Motar kanta

Kai ta wurin bakanike saura mako biyu, kada ka bari sai ana gobe tafiya. Gyara yakan haifi wani gyaran, kuma gara sabon ciwon ya bayyana kana gida. A canza baƙin mai, a duba birki da mansa, ruwan lagireto da robobinsa, fambel, batir, fitilu, da robar share gilashi.

Tayoyi su ne za su sha wahalar tafiyar nan fiye da komai. A gefen kowace taya akwai jerin haruffa da lambobi da suka fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe kuma su ne haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida ka sa mata ido ko da zanenta yana da kyau, wadda ta kai goma kuwa ka cire ta. Iska kuma da safe ake aunawa kafin mota ta motsa, a bi adadin da ke jikin ƙofa. Wanda aka rubuta a jikin tayar iyakar abin da za ta jure ne. Motoci da yawa suna da adadi na biyu, mai ɗan yawa, na lokacin da aka cika su da kaya, shi za ka bi. Kada ka manta safaya. In irin siririyar nan ce ta wucin gadi, ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Ka kuma gwada jak da sifana a gida ka tabbata suna kwance notin motarka. Sai wayar tayar da batir, ɗan famfon iska mai aiki da wutar mota, litar baƙin mai, da abin kashe gobara.

Yanka hanyar daga faɗuwar rana

A nan yawancin mutane ke cutar kansu. Taswirar waya ta ce awa 40, sai mutum ya raba huɗu ya ce kwana huɗu. Ita taswirar ba ta san kana da kaya ba, ba ta san yara za su ce fitsari ba, ba ta san sai ka naɗe tanti ba. Ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kan duk lokacin da ta ba ka. Ga mai kwana a tanti, kilomita 400 zuwa 500 a yini ya isa, wato tuƙin awa biyar zuwa shida.

Yadda nake yi, daga ƙarshen yini nake farawa. Ina duba lokacin faɗuwar rana a inda zan kwana, in cire awa biyu, wannan ne lokacin isowata. Daga nan nake ƙirgowa baya in ga ƙarfe nawa zan tashi da kuma iya nisan da zan ci. In rana za ta faɗi bakwai, biyar ta same ni a zango. Awa biyun nan su ne na kafa tanti, girki, wanke kwanuka, da neman wani wurin idan na farkon ya cika ko bai kwanta mini ba.

A ƙasa mai faɗi agogo ma yana canzawa. Tsakanin gabashi da yammacin Amurka akwai bambancin awa uku, kuma mai tafiya gabas yana asarar awa guda duk lokacin da ya tsallaka iyakar lokaci. Wannan awar daga hasken yammacinka za a cire ta. Mai tafiya yamma riba yake ci, sai dai rana za ta riƙa dukan idonsa da la'asar, wani dalilin kenan na tsayawa da wuri.

Bayan kowane kwana uku na tuƙi, sa yini guda na hutu a wuri ɗaya. Ranar ake wanki, a shanya abin da ya jiƙe, a sayi abinci, direba ya yi barcin rana. Ka sa ranakun hutun su faɗa a wuraren da kake marmarin gani, don ta haka ƙaurar ke zama tafiyar da za a tuna. Sannan ka bar kwana biyu rara tsakanin isowarka da ranar fara aiki ko karɓar mabuɗi. Taya za ta iya fashewa, ruwa zai iya tsare hanya.

Duba tsayin wuraren da za ka bi, ba nisansu kaɗai ba. Duk hawan mita 1,000, zafi yana sauka da wajen digiri 6 zuwa 7, don haka za ka iya yin gumi da rana a kwari ka kwana kana rawar ɗari a kan tudu. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, kuma yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a wannan hawan, ga kaya. Duba kuma inda gidajen mai suka yi nisa da juna. A babban titin I-70 a jihar Utah ta Amurka, tsakanin garuruwan Green River da Salina, akwai fiye da kilomita 160 ba gidan mai ko ɗaya, kuma kowace ƙasa mai faɗi tana da irin nata. Ƙa'idar da ban taɓa karyawa ba: tanki ya kai rabi, na sha mai. Sauke taswirar duk hanyar a waya don ta yi aiki inda babu sabis, ka kuma riƙe ta takarda.

Ina aka yarda ka kwana?

Kada ka ɗauka duk dajin da ba ka ga kowa ba naka ne. Dokar ta bambanta ƙwarai. A Amurka, filayen gwamnatin tarayya da hukumar filaye ta BLM ke kula da su da yawancin dazuzzukan ƙasa ana iya yada zango a cikinsu kyauta, galibi har kwana 14, amma a manyan wuraren shaƙatawa na ƙasa sai a zangon da aka keɓe, wasu kuma ana fara kama wuri tun saura wata shida. A Norway doka ta ba ka damar kafa tanti a ƙasar da ba a nomawa har dare biyu, muddin ka yi nisan mita 150 da gidan da mutane ke ciki. Scotland ta halatta irin wannan tun dokar 2003, sai dai damar ta mai tafiya a ƙasa ce, ba ta shafi shiga da mota ba. A yawancin Ingila kuwa sai da izinin mai ƙasa. Ka binciki ta inda za ka bi, jiha bayan jiha, kuma inda ba ka tabbata ba ka tambayi mutanen wurin.

Shawarata ga mai ɗauke da dukiyarsa duka: daren farko, daren ƙarshe, da duk daren da ya faɗo ƙarshen mako ko lokacin hutu, ka kama wuri tun kana gida a zangon da ke da mai gadi, ruwa da banɗaki. Sauran ka bar su a buɗe, amma kowane dare ya kasance kana da wuri na biyu a rubuce. Ka ware kuɗin ɗakin haya na dare ɗaya ko biyu. Ranar da aka yi hadari mai tsawa ko yaro ya kwana da zazzaɓi, ka shiga ɗaki ba tare da jin ka gaza ba.

Wani abin da kan zo wa mutane ba zato: wasu iyakoki na cikin ƙasa suna da shingen binciken amfanin gona. Ana tsayar da motoci a hanyoyin shiga jihar California ta Amurka, haka ma iyakar Yammacin Ostireliya, inda ake karɓe 'ya'yan itatuwa da kayan lambu. In kana ɗauke da shukokin gida a tukunya, bincika tun wuri. Itacen wuta ma ba a ɗaukarsa daga wani yanki zuwa wani saboda ƙwarin da ke ɓoye a cikinsa. Saya inda za ka ƙona.

Lodi hawa uku

Yanzu ga gyaran da muka yi a safiyar nan ta biyu. Hawa na farko kayan ƙaura ne zalla, waɗanda ba za a taɓa ba sai an isa. Su ne a ƙasa, can ciki, masu nauyin a jingine da bayan kujera tsakanin tayoyi. Ka ɗaure su, ka shimfiɗa tsohon bargo a kai ya zama iyaka. Duk abin da ke ƙarƙashin bargon nan ka ɗauka ba ya cikin motar.

Hawa na biyu kayan dare ne, a bakin but, a jere yadda za a buƙace su. Tanti da turakunsa da guduma da ledar shimfiɗa ƙasa a jaka ɗaya, su ne na ƙarshen shiga, na farkon fita. Sai jakar shimfiɗu. Sai akwatin girki guda ɗaya na roba mai murfi: risho, ashana da laita, tukunya ɗaya, kasko ɗaya, wuƙa, kwano da cokali ga kowa, soso, sabulu, ledar shara. Kowa kuma ya sami 'yar jakarsa ta tufafin kwana huɗu, da rigar sanyi da ta ruwa. Sauran tufafi suna ƙarƙashin bargo.

Hawa na uku yana cikin motar inda hannu ke kaiwa: ruwan sha, abin taɓawa, akwatin taimakon gaggawa, caja, tocilar goshi ga kowane babba, da jakar takardu da magunguna. Jakar nan ita kaɗai ce ke bin ka ko'ina, har cikin tanti da dare. Kada kaya su wuce tsayin kujera ba tare da raga ko ɗauri ba, domin a birkin gaggawa kwalin da ke baya kan mutum zai nufa. Ka kuma tabbata za ka iya ciro safaya ba sai ka zazzage komai ba. In tana ƙarƙashin but ne, ciro ta tun a gida ka tsayar da ita a gefe.

Saura mako guda, yi gwaji. Loda motar kamar yau ne tafiyar, ka yi tuƙin awa ɗaya, ku kwana a tanti ko da a bayan gida ne. A nan za ka gane sandar tanti ɗaya ta karye, ko katifar iska tana sacewa, ko tukunyar gas ba ta shiga bakin rishon.

A kan hanya

Bayan kilomita 50 na farko, tsaya ka zagaya motar. Ɗauri yakan saki da kaya suka zauna. Ja kowane bel, duba mahaɗin tirela da sarƙoƙinta, kai bayan hannunka kusa da tayoyi ka ji ko wata ta fi sauran zafi. Daga nan kuma duk awa biyu a huta minti 15, a sake zagayen.

Gyangyaɗi ne babban abokin gaba, musamman daga kwana na uku, lokacin da barcin tanti bai gama ƙosar da jiki ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ido ya rufe na daƙiƙa huɗu, ka yi fiye da mita 100 ba direba. Da ka ga kana yawan hamma, ko ba ka tuna kilomitocin da ka wuce yanzu ba, sauka gefe a wuri mai aminci ka yi barcin minti 20. Buɗe taga da ƙara sautin rediyo ba sa maganinsa.

A gangare mai tsawo, sauko da giya injin ya riƙe motar. In ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, zai yi zafi ya daina kamawa, kuma mota mai kaya ta fi saurin kaiwa can. A hawa kuma idonka a kan allurar zafi. In ta fara tashi, kashe esi, kunna hita har ƙarshe don ta janye zafin injin, ka nemi wurin tsayawa. Kada ka kusanci murfin lagireto sai injin ya huce sarai. Ruwa mai gudu a kan titi kuma ba a gwada shi: zurfin santimita 30 ya isa ya ɗauke ƙaramar mota.

Yada zango

Da ka isa, kada ka yi saurin sauke kaya. Taka wurin da ƙafa tukuna. Ɗaga kai ka duba ko akwai busasshen reshe a saman inda za ka kwanta. Dubi ƙasa ka tambayi kanka, in aka yi ruwa cikin dare ina zai bi? Busasshen rafi yana da yashi mai laushi da ke kiran mutum, amma ruwan da aka yi a tudu mai nisa zai iya cika shi cikin mintuna alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba. Nemi wuri mai ɗan tudu, shimfiɗaɗɗe, nesa da gidan tururuwa, da tazarar kamar mita 60 daga kogi ko tafki. Juya motar ta fuskanci hanyar fita tun yanzu, mabuɗi kuma ya kwana wuri ɗaya kullum.

Tanti ne farko, kafin girki, kafin komai. Bayansa ya kalli inda iska ke fitowa. Turaku a kafa su a karkace, kansu yana kallon waje, kuma a kafa duka ko da sama tana garau. Wani dattijo da muka yi maƙwabtaka da shi a zango na huɗu ya ga na bar igiyoyin gefe a sake, ya zo da kansa ya ɗaure mini biyu. Na ce, "Baba, ai babu iska." Ya nuna mini bishiyoyin wurin, duk sun karkata gefe guda. Wajen ƙarfe biyun dare iskar ta zo, muna ji tana kaɗa tantin kamar za ta ɗauke shi, amma bai gusa ba. Ledar da ke ƙarƙashin tanti kuma kada ta leƙo waje, in ba haka ba ita za ta tara ruwan sama ta kai maka shi ƙarƙashin shimfiɗa. Sanyin dare daga ƙasa yake shiga jiki, don haka abin da ke ƙarƙashinka ya fi abin da ka rufa muhimmanci.

Akwai abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa. Risho, gawayi, fitilar gas, janareta, babu wanda ke shiga tanti ko rufaffiyar mota, komai sanyi, komai ruwa. Suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Haka nan ba a kwana a mota injin yana aiki. Girki a waje, nesa da tanti, tukunyar gas kuma a tsaye take tafiya, ba a barinta cikin motar da ke rufe a rana.

Ruwa ka lissafa lita huɗu ga kowane mutum a yini don sha da girki, ka ƙara in ana zafi, ka cika jarka duk inda ka samu mai kyau. In dole ta sa ka ɗebo na rafi, ya tafasa sosai na minti ɗaya, ko minti uku in kana sama da mita 2,000. Kula kuma dunƙulalliyar ƙanƙara ta fi daɗewa a cikinta fiye da 'yan ƙanana, kuma gorunan ruwa da ka daskarar suna aiki biyu. Ɗanyen nama a saya ranar da za a dafa. Abinci da shara ba sa kwana a tanti, don ƙanshinsu ke jawo dabbobi, daga ɓera har abin da ya fi ƙarfinka. Inda aka tanadi akwatin ƙarfe na ajiye abinci, akwai dalili, yi amfani da shi. Inda babu banɗaki, tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 nesa da ruwa, ka rufe bayan ka gama. Wuta kuma, in an yarda a hura, a kashe ta da ruwa a motsa tokar har hannu ya iya taɓa ta.

Motar da aka cika da kwalaye tana jan ido. Rufe kayan da baƙin zane kada a ga komai ta gilashi, ka ajiye ta inda kake hangenta in kun tsaya cin abinci, kuma ba kowa ake gaya wa cewa ƙaura ake yi ba. Kowace yamma ka tura wa wani ɗan'uwa sunan inda kuka sauka da inda za ku gobe, ku kuma yi da shi tun farko abin da zai yi in ya kwana bai ji daga gare ku ba. Yara a ba kowa aikinsa, wannan ya miƙo turaku, wancan ya jera takalma, don yaron da ke da aiki ba ya yawo. Yaro ko dabba ba a barinsu cikin mota a rana ko na ɗan shiga kanti: cikin minti 10 zafin ciki yana iya ƙaruwa da kusan digiri 10.

Da safe a bi tsarin jiya a juye, kowane abu ya koma gurbinsa na jiya. Ƙirga turaku. Tantin in da raɓa, naɗe shi haka nan ka shanya shi a hutun rana. Kafin ka tayar da mota, zagaya wurin sau ɗaya idonka a ƙasa.

Ranar isowa

Zangon ƙarshe ka sa shi kusa, tafiyar awa ɗaya ko biyu daga sabon gida, don ka shiga garin da hantsi, ofisoshi a buɗe, mai ba da mabuɗi yana nan, kai kuma da sauran ƙarfinka. Saura kwana biyu ka kira ka tabbatar da lokacin haɗuwa, ka tambaya ko an haɗa wuta da ruwa, ka ji kuma inda kayan da ka tura gaba suka kwana.

Kafin ka shigar da kwali ko ɗaya, zagaya gidan ka ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar mitar wuta da ta ruwa. Sannan kayan dare su fara shiga, domin su ne gadonku da kicin ɗinku har sauran su iso. Mu dare biyar muka yi a kan shimfiɗun zango a tsakiyar falo, muna girki da rishon nan a waje bakin ƙofa. Bayan su sai abin da ke ƙarƙashin bargo. Motar in ta zama wayam, rage iskar tayoyi zuwa adadin yau da kullum, cire kariya, ka duba baƙin mai. Tantin kuma ka baza shi a rana a yinin ko washegari ya bushe ƙayau kafin ka naɗe, domin in ya kwana biyu a jaka da danshi zai yi fumfuna.